Sai mun leƙa Amurka kafin mu ga mawaƙin garinmu?



Duk mai zaman fada ya san irin wannan daren. Shayi ya kai na uku, hira ta fara sanyi, sai wani ya jingine salularsa jikin gwangwanin sukari, kawuna shida su taru a kanta. Cikin gilashin, ga wani dogon Ba'abzine da rawani, bahago, yana ta gwagwarmaya da gitar a wani ɗan ɗaki na gidan rediyon KEXP da ke birnin Siyatil na Amurka. Sauti tas, kana jin kowace tsarkiya da kowane bugun ganga. Mdou Moctar ke nan, ɗan jihar Tawa. Can sai mai salular ya ce a rage kyan hoton, mega ta kusa ƙarewa. Aka rage, fuskar mutumin ta koma kamar an shafa mata ƙasa, amma ba wanda ya tashi.

To, a irin wannan fadar, ka tambayi mutanen shida: wa ya taɓa ganin mutumin nan ido da ido yana kiɗa? Galibi shiru za ka ji. Wannan shirun shi ya sa muka yi rubutun yau.

Bari mu fara da yabo, don abin ya cancanci yabo. Iyayenmu in suna son kiɗa, ko dai su je inda makaɗin yake, ko su jira Voix du Sahel ta sako, ko su sayi kaset wanda aka kwafa daga wani kaset, shi ma daga wani, har muryar mawaƙin ta koma kamar daga cikin rijiya take fitowa. Ganin wasan da ake yi a wata ƙasa a daidai lokacin da ake yinsa kuwa, wannan sai manyan gidajen talabijin masu tauraron ɗan adam. A 1985, da aka yi babban wasan Live Aid a Landan da Filadelfiya don tara taimako saboda yunwar Habasha, duniya ta ɗauke shi abin al'ajabi. Yau yaron da ke sayar da ruwan sanyi a tashar Maraɗi yana da abin da zai yi irin wannan kallon a aljihunsa. A watan Afrilun 2022, Burna Boy ya cika zauren Madison Square Garden a birnin New York, aka watsa wasan kai tsaye ta YouTube, wanda ke Damagaram da wanda ke Legas suka kalla tare da waɗanda suka sayi tikiti. Ba biza, ba kuɗin jirgi, ba layi a ƙofar ofishin jakadanci. Wanda ya ce wannan ƙaramin abu ne, bai taɓa neman biza ba.

Annobar korona ce ta buɗe ƙofar gaba ɗaya. Da aka rufe zauruka a 2020, mawaƙan duniya suka koma wasa gaban kyamara. Ƙungiyar BTS ta Koriya ta Kudu ta yi wasa a watan Yunin wannan shekarar, mutum sama da 750,000 suka biya kuɗi suka kalla daga gidajensu. Shirin Tiny Desk na rediyon NPR ta Amurka, wanda aka saba yi a bayan teburin wani ofis a Washinton, ya koma karɓar wasannin da mawaƙa suka ɗauka a inda suke, kuma a 2021 na Mdou Moctar ya fito, wanda aka ɗauka nan Nijar.

Amma labarin mutumin nan ya girmi YouTube a wurinmu, kuma ya kamata kowane matashi ya san shi, don yana nuna cewa hanyar ba daga waje ta faro ba. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, da irin gyaran muryar nan na kwamfuta da muka sani a waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfanin da ya rarraba masa. Salula ce ta ba salula, memori ya ba memori, ta Bluetooth, a tasha da kasuwa da cikin motocin da ke ratsa hamada, har waƙoƙin suka kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsince su yana tattara waƙoƙin da ke cikin salulolin mutane, ya sa waƙar Tahoultine cikin tarin da ya fitar mai suna Music from Saharan Cellphones, sannan ya shiga neman mai muryar har ya same shi. Wato tun kafin rezo ya yi ƙarfin ɗaukar bidiyo, mu da kanmu mun riga mun ƙera namu intanet ɗin da hannu. Daga nan ne hanya ta miƙe: faifan Afrique Victime a 2021, Funeral for Justice a 2024, har bikin Coachella na Kalifoniya a watan Afrilun 2024.

Ba shi kaɗai ba ne. Bombino, ɗan Agadas, shi ne ɗan Nijar na farko da sunansa ya shiga jerin masu takarar kyautar Grammy, da faifansa Deran na 2018. Les Filles de Illighadad, su Fatou Seidi Ghali, daga wani ƙauye suke a yankin Abalak, amma faifan wasansu na gaban jama'a da ya fito a 2021 a unguwar Buruklin ta New York aka ɗauke shi. Ga Etran de L'Aïr, makaɗan biki na Agadas. Ga Tal National na Yamai, masu haɗa Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak a dandali guda. Duk waɗannan, in ka rubuta sunansu a YouTube, bidiyon da ya fi kyan hoto da sauti kusan kullum a wata ƙasa aka ɗauke shi, ko kuma baƙo ne ya zo da kayansa ya ɗauka.

A nan ne murnar take fara gauraya da wani abu mai ɗaci.

Ba muna zargin waɗanda suka ɗauka ba. Sun yi aikinsu, sun yi shi da kyau, kuma da yawansu sun biya mawaƙan. A 2020 Sahel Sounds ta yi wani shiri, Music from Saharan WhatsApp: mawaƙi ya ɗauki wasansa da salula, ya tura ta WhatsApp, a sa shi a kasuwa a shafin Bandcamp tsawon wata guda, kuɗin da aka samu ya koma wurin mawaƙin. Kuma a ƙarshen Yulin 2023, da aka rufe iyakoki da sararin sama bayan juyin mulkin ranar 26 ga wata, su Mdou suna tsakiyar zagayen wasa a Amurka, suka rasa hanyar dawowa gida. Masoyansu na can ne suka tara musu kuɗi ta intanet don su samu wurin zama da abin sa wa baki. Mutanen da ba su jin ko kalma guda ta Tamajak, waɗanda wasunsu ba su iya nuna Tawa a taswira. Zumuncin da intanet ke ƙullawa tsakanin mai kiɗa da mai saurare na nesa zumunci ne na gaske, ya ciyar da mutane, ya biya kuɗin haya.

Tambayar ita ce, mu fa? Mu da muke jin abin da ake faɗa cikin waƙar, mu da aka yi waƙar da damuwarmu, ina matsayinmu a wannan cinikin? Mun zama ƴan leƙe ta katanga. Muna kallo, muna tura wa juna, muna rubuta "Allah ya ƙara basira" da tutar Nijar a ƙasan bidiyon, shi ke nan. Kuɗin da muka kashe kuwa ba kaɗan ba ne. Bidiyo na awa guda a matsakaicin kyan hoto yana cin kusan rabin jiga, in kana son hoto tsaf ya zarce jiga guda. Kowa ya san abin da wannan ke nufi ga ɗan lakwal ko mai kabu-kabu. Amma ko dala guda daga cikin wannan kuɗin ba ta isa hannun mawaƙin ba. Kuɗin forfe na kamfanin sadarwa ne. Kuɗin talla kuwa, masu talla sun fi biya a kan idon da ke Amurka ko Faransa fiye da idon da ke Tasawa ko Madawa, don can ne suke sa ran ciniki. Shafukan da ake sayen waƙa kai tsaye daga mawaƙi suna neman katin banki, abin da yawancinmu ba mu da shi. Sai ka ga mun fi kowa son mutum, mun fi kowa rashin amfani gare shi. Wane mawaƙi ne zai bar inda ake biyansa ya zo inda ake yi masa addu'a kawai? Shi ma yana da iyali.

Wani zai ce, ai talauci ne. Wallahi ba talauci kaɗai ba ne. Mu ne fa muke cika fili in an ce tauraron Kano ya sauka, mu biya jikka biyu, jikka biyar, wasu har su yi liƙi. Ba laifi, waƙar Hamisu Breaker ko ta Ado Gwanja tamu ce, harshe guda, jini guda, iyakar ma Turawa suka ja ta. Amma in ɗan unguwa ya kira wasa a gidan matasa, rabin waɗanda suka zo suna bakin ƙofa suna neman wanda ya san mai tsaron ƙofa. Mun saba da cewa na gida kyauta ne, sai ranar da Bature ya yaba shi mu tuna ɗanmu ne.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: wannan tagar da muke leƙe ta cikinta, ba a hannunmu makullinta yake ba. Duk mun tuna ƙarshen Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, da aka katse intanet ɗin salula kusan kwana goma. Mun tuna Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu saboda takunkumin CEDEAO, garuruwa suka koma duhu, cajin salula ya zama sana'a. A irin waɗannan ranakun, wanda al'adarsa duka tana cikin YouTube ba shi da komai. Wanda ke da waƙa a memori shi ne sarkin fada. Ko a ranakun lafiya ma, agogo ba ya tare da mu. Tsakaninmu da Kalifoniya awa takwas ne a watan Afrilu, wasan da aka fara da magariba a can, mu nan sai wajen ƙarfe uku na dare. Wanda zai tashi da asuba ya tafi aiki ba zai jira ba, sai ya nemi guntun da wani ya yanko washegari.

Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, kallo a gilashi da tsayuwa a fili ba ɗaya ba ne. Wanda ya taɓa tsayawa a filin kokowa lokacin gasar takobi, ya ji gangunan su Sagalo suna dukan ƙirjinsa, ƙura na tashi, ɗan kokowa na rawa yana kirari, ya san akwai abin da salula ba ta ɗauka. Kiɗanmu kiɗan amsa-amo ne. Makaɗi na kallon wanda ya shigo fage, ya canza kiɗa saboda shi, ya kira sunan kakansa, mutumin ya sa hannu aljihu. In ka cire wannan, abin da ya rage hoto ne mai motsi. Ko abin da ake kira kai tsaye ma yakan iso da jinkirin daƙiƙoƙi, tafin da ka yi a ɗakinka ba mai ji.

Amma kada a ɗauka hanyar ɗaya ce kawai, daga can zuwa nan. Akwai wata ta biyu, kuma ita ce ta fi ba mu fata. Ku tuna ƴan uwanmu da suka tafi biɗa: Libiya, Aljeriya, Abijan, Kumasi, Legas, Saudiyya. Ranar bikin ƙanwarsa, mutum yana Sabha ko Tamanrasat, sai wani ya ɗaga salula a tsakiyar taro ya kira shi ta WhatsApp, ko ya buɗe kai tsaye a Facebook. Hoton na rawa, sautin na fashewa, rabin abin da ake gani ƙeyar mutane ce, amma mutumin yana can yana share hawaye, yana ji ana wasa sunan gidansu da kalangu. Wani ma nan take yake aiko da kuɗi ta Nita ko Al Izza a ba makaɗa a madadinsa. Ku duba da kyau: ga mai kallo na nesa, ga wasa kai tsaye, ga biya, kuma kuɗin ya isa hannun mai ganga a daren. Abin da manyan kamfanonin duniya suka kasa yi mana, gwaggo da salularta ta yi shi a tsakar gida. Kasuwar tana nan, masu saye suna nan, abin da ya rage shi ne a ɗauke ta da muhimmanci.

Kuma ba wani abu mai wuyar gaske ake buƙata ba. Abin da ke ɓata yawancin bidiyonmu ba kyamara ba ce, sauti ne. Salula in ta tsaya gaban lasifika, ƙarar ta fi ƙarfin ɗan makirfonta, sai komai ya dagule. Waya guda daga na'urar mai sono zuwa salula, da abin da zai riƙe salular kada ta yi rawa, da fitila biyu, da wanda zai tsaya a kan aikin ba tare da ya shiga rawa ba, sun isa su canza abin baki ɗaya. Ɗakin KEXP ɗin nan da muke sha'awa ba fadar sarki ba ne, ɗaki ne da mutanen da suka san aikinsu kuma suke yinsa kowane mako ba fashi. Muna da gidajen matasa da al'adu a manyan garuruwanmu, muna da cibiyar Oumarou Ganda da cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. Wasu daga cikin waɗannan wuraren sun fi ganin taron siyasa da liyafar aure fiye da kiɗa. Me zai hana kowane ɗaya ya ware dare guda a wata, a kawo makaɗan yankin, tsoho da yaro, mai gurumi da mai gitar da mai rap, a buɗe ƙofa da tikitin da ɗan lakwal zai iya biya, a watsa kai tsaye, a rubuta lambar da na nesa zai aiko da nasa a ƙasan hoton? Ko dala ɗari ce kowa ya tura, in mutum dubu suka tura, jikka 500 ke nan. Ku tambayi duk wani makaɗi sau nawa ya taɓa riƙe irin wannan a dare guda.

In kuɗi ya shigo, rigima za ta biyo baya, wannan mun sani. Shi ya sa tun farko sai an yi magana a fili: wa ke da bidiyon, nawa ne rabon makaɗi, nawa ne na mai ɗauka. Yau mutum yakan ɗauki wasan tsoho a biki, ya sa a shafinsa, ya tara mabiya da sunan tsohon, shi kuwa tsohon bai ma san an yi ba. Wannan cin haƙƙi ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Muna da ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA. Ya kamata ya fito daga ofis ya bi makaɗa har ƙauye, ya yi musu bayani da Hausa da Zabarmanci da Tamajak, ba da takardar Faransanci mai shafi goma ba.

Ga hukumar ARCEP da kamfanonin sadarwa kuwa, maganarmu ba sabuwa ba ce. Forfe ɗin da ke mutuwa kafin mai shi ya cinye, da rezon da ke nuna 4G alhali ko hoto ba ya buɗewa da zarar ka bar babban titi, su ne katangar farko tsakanin matashi da duk wani abu da ke kan intanet, kiɗa ko karatu. Mun san akwai masu cewa ai waƙa ɓata lokaci ce, wasu ma suna ganin bai dace a kashe kuɗi a kanta ba. Muna girmama ra'ayinsu. Amma layin da ke kawo wasan gitar shi ne ke kawo tafsirin azumi daga Kano ko Makka, shi ne ke kawo darasin lissafi ga mai shirin jarrabawar BAC. In ya yi arha, ya yi wa kowa.

Akwai dalilin da ya sa muke cewa a yi sauri. Malam Maman Barka ya rasu a 2018. Shi ne wanda ya je yankin tafkin Cadi ya koyi biram, wata babbar molo mai siffar kwalekwale ta mutanen Buduma, a hannun tsohon da ya rage da sanin ta. Faifan da ya yi da ita a 2009 wani kamfani ne na Landan ya fitar. Alhamdu lillahi da aka samu wanda ya ɗauka. Amma a kowace jiha akwai irinsa da ba wanda ya zo daga Landan dominsu: masu goge, masu kukuma, masu algaita na fadar Damagaram, zabiyoyin da ke riƙe da tarihin zuri'a guda a kansu. Tawa ta ba mu Ɗan Gurmu, har aka sa wa gasar kiɗa ta ƙasa sunansa, amma ku nemi bidiyonsa mai kyau ku gani nawa za ku samu. Waɗanda suka rage suna nan da ransu yau, kuma kusan kowannenmu yana yawo da kyamara a aljihu.

Saboda haka ga abin da muke nema daga masu bibiyar wannan shafi. A ƙasan rubutun nan, kowa ya rubuta sunan makaɗi ko mawaƙiya guda ta garinsu wadda ta cancanci a ɗauke ta da sauti mai kyau, da sunan garin. In kana da sono, ko ka iya ɗaukar bidiyo, ko kana da hanyar yin magana da masu kula da gidan matasa na garinku, ka faɗa. Ƴan uwa da ke waje, ku ma ku faɗi ƙasar da kuke, da lokacin da kuke tashi daga aiki, don a san ƙarfe nawa ya kamata a fara.